Garmaho na gudu a Jidda, kuma ta ina ake fara jin jaz da fonk da pank da metal?

Nura, Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya biyu gare ni. Ta farko, garmaho ne mai bel, tsohon ƙirar Turai, daga Bur Sudan aka kawo shi. Idan aka ɗora faifan James Brown sai muryarsa ta sirance, kiɗan kuma ya kama sauri. Sautin ba nauyi ko kaɗan, ga wani gurnani a ƙasa ko allura ba ta kan faifai. Ta biyu, ina ganin manyanmu a nan suna haɗa jaz da fonk da pank da metal a hira ɗaya, ni kuwa kunnena bai ji abin da ya haɗa su ba. Ta ina ake farawa?

Injiniya Bashir, Makka:
Wa alaikumus salam Nura. Garmahon lafiyarsa ƙalau, wuta ce ta canza masa. Lantarkin Sudan, kamar na Najeriya da Nijar da Turai, sau 50 yake kaiwa da komowa a daƙiƙa. Na Saudiyya sau 60 ne. Tsofaffin garmaho masu bel da yawa, motonsu da wannan bugun wutar yake auna gudunsa, don haka da aka jona shi a Jidda sai ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti, sau 40 yake juyawa. Murya kuwa ta hau da maɓalli uku na fiyano da ɗan ɗoriya, in ka ƙirga farare da baƙaƙe.

Ka tabbatar kafin ka kashe riyal ko ɗaya. Liƙa ɗan farin salatif a gefen farantin, ka saita a 33, ka ƙirga sau nawa zai wuce ta gabanka cikin minti 3 cif. In ka samu 100, gudun daidai ne. In ka samu 120, wutar ce. In kuwa 96 ko 97 ka samu, ko lambar tana canzawa duk ƙirga, bel ne ya saki ko man sandar tsakiya ya bushe.

Maganin 120 ɗin: a canza ɗan fulin da ke kan moto, wanda bel ke zagayawa, a sa na wutar 60. Ƙaraminsa ne, faɗinsa kashi biyar cikin shida na wanda ke kai yanzu. In kamfanin bai da shi, mai injin gurza ƙarfe zai iya rage naka, amma ya auna sosai, don in ya zarce ba dawowa. Kada kowa ya sayar maka da taransifoma a kan wannan. Taransifoma ƙarfin wuta take canzawa, ba ta taɓa bugunta. Amma ka duba rubutun bayan na'urar, tunda tsofaffin gidaje a nan har yanzu akwai soket mai 127 da mai 220 a ɗaki ɗaya.

Kawu Isa, Jidda:
Injiniya ya gama da gudu. Rashin nauyin kuma, ɗana, duba ramin da ka cusa wayoyin a bayan amfilifaya. Lokacin yanka faifai ana danne ƙananan sauti masu kauri, har kusan desibel 20 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) a can ƙasa, a ɗaga masu tsini da kusan haka, don layin ya yi siriri a samu wurin minti ashirin a fuska ɗaya. Tun 1954 kamfanoni suka fara haɗuwa a kan wannan awo na RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. Dole a samu abin da zai mayar da sautin yadda yake. Ramin da aka rubuta Phono shi ke wannan aiki, ya kuma ɗaga sautin allura, wanda bai wuce milibolt 4 ko 5 ba. In a AUX ko CD ka jona, abin da za ka ji ke nan: ƙasa-ƙasa, ba bes. In amfilifayar ba ta da Phono, ka sayi ƙaramin akwatinsa daban.

Gurnanin kuwa, akwai siririyar waya ta uku da ke fitowa tare da ja da fara, bakinta kamar cokali mai yatsa biyu. Ɗaure ta a ɗan notin da ke kusa da Phono. In bai daina ba, nisanta garmahon daga cajar waya da taransifoma, kuma kada wayar sauti ta kwanta a jikin wayar wuta.

Malam Tijjani, Madina:
Kada ka ji komai Nura, matsalar gudu ta taɓa kama manyan kamfanoni ma. Faifan Miles Davis, mai busa kakakin jaz, na 1959, Kind of Blue, ɗaya daga rikodojin da suka ɗauki zaman farko a watan Maris yana ɗan jan ƙafa, sai fuskar farko ta fito da ɗan sauri, sautin ya ɗan hau. Haka duniya ta saurare shi fiye da shekara talatin, sai a 1992 aka gyara.

Da shi zan amsa tambayarka ta biyu. Ɗauki kiɗan farko, So What. Kada ka bi kakaki tukuna, bi mai bes. Bayan ɗan share fage, Paul Chambers ne ke ba da jigon a kan bes, sauran su amsa masa da sauti biyu, doguwa da gajera. Duk wanda ya tashi da waƙar Shata ya san wannan: mai waƙa ya jefa, 'yan amshi su karɓa. To yanzu ƙirga. Kowace gaɓa bugu huɗu ce. Gaɓa 16 suna zaune a wuri ɗaya, gaɓa 8 su hau maɓalli ɗaya, gaɓa 8 su sauko. Jimla 32. Wannan zagaye shi ne gidan, kuma duk wanda ya karɓi fili a cikinsa yake yawo. Miles ya fara, sai John Coltrane, sai Cannonball Adderley, dukansu biyu a sakso, sai Bill Evans a fiyano. In ka iya jin lokacin da aka hau da lokacin da aka sauko alhali Coltrane na zuba, ka shiga jaz.

Inda sabon kunne ke ɓata shi ne haɗuwar ƙarshen zagaye da farkon na gaba, don gaɓa 8 da gaɓa 16 sun zama 24 a wuri ɗaya, sai lissafi ya kuɓuce. Ka sa yatsu: yatsa ɗaya ga kowace gaɓa 8. Sannan saurara sau uku daban. Na farko bes kaɗai, yana tafiya sauti ɗaya a kowane bugu. Na biyu faifan tagullar mai ganga Jimmy Cobb, da abin da yake matsewa da ƙafar hagu a bugu na 2 da na 4. Na uku sai ka saki kunne. A hedfon za ka samu Coltrane da fiyano a hagu, Adderley da ganguna a dama, Miles da bes a tsakiya.

Sani Mai Bes, Riyad:
Malam, ranku ya daɗe, kun buɗe mini ƙofa. Waɗannan sauti biyu na amshi su ne gadar zuwa fonk. Pee Wee Ellis, wanda ya tsara Cold Sweat tare da James Brown a 1967, da bakinsa ya ce daga So What ya samo abin da kakakin ke busawa. Nura, ka saurare su a jere.

Bambancin yana wajen nauyi. Jaz na jingina a bugu na 2 da na 4. James Brown ya ce kowa ya faɗo a kan na 1. Tsakanin wannan 1 da na gaba an yanka gaɓar gida 16, kowane makaɗi da gidajen da yake takawa da waɗanda yake bari fanko. Jitar Jimmy Nolen, makaɗin James Brown, ba ta rera komai, kankara kawai take: ya sassauta yatsun hagu a kan tsirkiya, hannun dama yana ta kaiwa da komowa, jita ta zama ganga. Ga Clyde Stubblefield, mai gangarsa, kada ka tsaya a manyan bugun. Akwai ƙanana da yake sakawa tsakani, da ƙyar sanda ke taɓa fata, su ne ke sa kafaɗa motsi. A Funky Drummer, wanda aka ɗauka a Nuwamban 1969, akwai inda kowa ya yi shiru aka bar shi shi kaɗai gaɓa 8. Maimaita wurin har sai ka ji ƙananan.

Amma da lasifikar waya ba za a yi ba. Tsirkiyar bes mafi kauri sau 41 take karkarwa a daƙiƙa, ta jita 82. Lasifikar waya ba ta iya fitar da abin kirki a ƙasa da ɗari biyu zuwa uku. Wanda ya ji fonk a waya ya ce bai ji komai ba, gaskiya ya faɗa. Ko iyafis mai arha ya fi, muddin robarsa ta toshe kunne sosai. In iska na shiga, bes ya zube.

Malam Tijjani, Madina:
Sani, na yarda da ƙwarewar Stubblefield. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce minti tara a kan abu ɗaya ya yi daidai da zagayen da ake sake gina shi kowane karo. Fonk na jiki ne, jaz na jiki da kai.

Sani Mai Bes, Riyad:
Malam, to ai kalangun Shata ma ba ya canza gida, kuma ba wanda ya ce na jiki ne kaɗai. Canjin yana nan, ƙanana ne. Ku saurari mai ganga Tony Allen a bayan Fela, hannuwansa da ƙafafunsa kowanne da nasa zance, kuma shi da kansa ya ce Art Blakey da Max Roach, masu gangar jaz, ya koya wa kunne. Herbie Hancock kuwa daga ƙungiyar Miles ya fito ya yi Head Hunters a 1973, ba wanda ya tilasta shi.

Usman Mai Wurno, Jidda:
Ku bar Amurka haka nan, ya jama'a. Nura, tunda garmahon daga Sudan ya zo, fara da na gida. Sharhabil Ahmad, wanda ake kira sarkin jaz na Sudan, ya sa jitar lantarki da kakaki a kan karin Sudan tun shekarun 1960, matarsa Zakiyya tana kaɗa jita a ƙungiyar. Kada ka nemi irin na Miles a wurinsa. Abin da makaɗan Khartum suka dafa ya fi kusa da rok na farko da fonk da jitar Kwango. The Scorpions da Saif Abubakar a Kuwait suka ɗauki faifansu a 1980. Kamal Keila kuwa, wanda James Brown da Fela ke yawo a kiɗansa, abin da aka fitar nasa daga tef ɗin gidan rediyo ne na 1992. Kamfanin Habibi Funk na Jamus ya fitar da na Keila da na Scorpions a 2018, na Sharhabil a 2020. Su ne sauƙin samu yanzu.

Abin da ya sa kunnen Bahaushe ke kama su nan take: sauti biyar. Waƙar tsakiyar Sudan a kan tsani mai hawa biyar take, ba irin maƙama ba, wato tsanin kiɗan Larabawan Masar da Hijaz. Yawancin waƙoƙinmu ma haka suke. Kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka a kan biyar ɗin nan yake, da ɗan ƙari. In kana da fiyano ko manhajarsa a waya, taɓa baƙaƙen maɓallai kaɗai, ka ga ko ba gida za ka ji ba.

Malam Tijjani, Madina:
Usman ya faɗi gaskiya, kuma su ma sun zo nema. Yusef Lateef ya zauna a Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewa. Ahmed Abdul-Malik, mai bes ɗin Thelonious Monk, ya yi Jazz Sahara a 1958 da ud da kanun, kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya, tare da sakson Johnny Griffin. Ya riƙa cewa mahaifinsa ɗan Sudan ne, masu bincike kuma suka gano daga tsibiran Karibiyan iyayensa suka fito. Faifan dai ya cancanci kunne.

Hajiya Rabi, Makka:
Kun ambaci Sudan ba ku ambaci uwarku ba. A'isha Falatiya, haifaffiyar Kasala, jininmu ce, ta fara waƙa a rediyon Omdurman a 1942 lokacin da mace ba ta kusantar wurin, ta rasu a 1974. Ina kawo ta ne don gargaɗi. Nura, in cikin kayan akwai faifai masu nauyi, masu tauri, waƙa ɗaya a kowace fuska, na juyi 78 ne, irin na zamaninta. Ba roba ba ne, wani ƙaro ne, kuma sifirit yana narkar da shi. Ruwa kaɗan da tsumma mai laushi, a bushe nan take. Layinsu ya fi faɗi wajen ninki huɗu, saboda haka allurar faifan zamani tana nutsewa ƙasan layin, ba abin da za ta kwaso sai shuuu. Allurarsu daban ce. Haka kuma kada a ɗora faifan zamani a tsohon garmahon da ake yi wa wani da hannu, mai allurar ƙarfe. Nauyin kansa ya haura giram 100, sau ɗaya ya isa ya kashe faifan.

Faruk, Jidda:
Hajiya mun gode. Bari in shigo da pank kafin Malam ya rufe ƙofa. Yaya Nura, faifan farko na Ramones, 1976, waƙa 14 cikin minti 29, dala 6,400 aka kashe. Yadda aka raba shi ya sa ya fi kowane daɗin koyo: bes a hagu, jita a dama, ganga da murya a tsakiya. Juya maɓallin daidaita lasifika zuwa hagu gaba ɗaya ka ji bes tsirara, ka mayar dama ka ji jita. Masu sa iyafis a kunne ɗaya suna aiki, rabin ƙungiyar kawai suke ji.

Abin lura shi ne hannun dama. Johnny Ramone, mai jitarsu, ƙasa kawai yake sara, ba ya dawowa sama da tsinke. In kiɗa yana bugu 180 a minti, sara shida ke nan a daƙiƙa, duk ƙarfinsu ɗaya. Wanda ya sara ƙasa da sama zai fitar da sautukan daidai, amma na saman ya fi rauni, sai katangar ta yi ramuka.

Malam Tijjani, Madina:
Faruk, ɗana, riƙo uku ne a wuyan jita. Yaro zai koya kafin la'asar.

Faruk, Jidda:
Riƙon zai koya, Malam. Ya riƙe gudun minti biyu bai ja ba bai ƙara ba, a nan ake ganewa. Kuma ba duka ne masu riƙo uku ba. Bad Brains na Washington, baƙaƙen fata ne, da jaz mai haɗe da rok suka fara kafin su koma pank, shi ya sa suke tsayawa cak tare a tsakiyar gudu su sake tashi tare. Minutemen na Kalifoniya bes ɗinsu fonk ne zalla, jitar an cire mata kauri da gangan don a bar wa bes fili. The Stooges a Fun House na 1970 sun sa sakso yana kururuwa irin ta jaz marar shinge. Kuma kada a nemi tsabtar sauti a pank. Da yawa a ƙananan ɗakuna aka ɗauka cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙazantar tana cikin faifan, ba laifin na'urarka ba ne.

Abdulhadi, Dammam:
Metal kuma, Nura, kada ka fara da na yanzu mai gurnani, zai kore ka. Koma Birmingham ta Ingila. Black Sabbath sun ɗauki faifansu na farko a yini ɗaya a Oktoban 1969, ya fito 13 ga Fabrairun 1970. Saurari Bill Ward a ganga, lilo yake irin na makaɗan jaz da ya tashi yana ji, ba ya tafiya kamar inji. Jitar Tony Iommi kuwa yawancinta a kan sauti biyar ɗin da Usman ya faɗa take, sai wani tazara mai ɗaci da ke tsakiyar tsani daidai, shi ke kawo duhun. Iommi ya rasa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, ya yi musu hula, ya sa siraran tsirkiya. A Master of Reality na 1971 ya sassauta su da maɓalli uku, mai kaurin ta sauko daga 82 zuwa wajen 69. Nauyin da kowa ya bi daga baya ke nan.

Abin da za ka bi a metal shi ne jimlar jita mai maimaituwa. Ƙirga sau nawa ta zagayo kafin a canza, yawanci 4 ko 8. Sannan ka lura da sautin da ke fita a toshe, jug-jug-jug: gefen tafin hannu ne aka ɗora a kan tsirkiya dab da inda ta ƙare. In hannun ya matso gaba da yawa sautin ya mutu, in ya koma baya ya buɗe. A Metallica da Slayer wannan saran yana tafiya tare da gangar ƙafa, kuma saran ƙasa zalla ɗin nan da gudun daga pank suka ɗauko. Ga wanda bai sani ba, Metallica sun yi wasa a Riyad a Disamban 2023, mai bes ɗinsu Robert Trujillo kuwa daga ƙungiyoyin pank da fonk ya fito.

Faifai biyu nasu suna ruɗa mutane su zargi na'ura. A na 1988, And Justice for All, an danne bes har kusan babu shi, duk yadda ka murɗa ba zai fito ba. A Death Magnetic na 2008 an cika ƙarfin sauti har kawunansa suka guntule, kana jin tsatsa a ganga ko ka rage murya. Ba lasifikarka ce ta fashe ba.

Alhaji Mudi, Makka:
Ni dai tambayata, kuna sanin abin da waɗannan mutane ke faɗa kuwa? Wasu kalamansu ba na Musulmi ya saurara ba ne.

Kawu Isa, Jidda:
Alhaji, maganarku na kan hanya, akwai waɗanda kalamansu saɓo ne tsagwaro, kuma ba wuya a karanta kafin a saurara. Hukuncin kiɗa kuwa mun bar wa malamai tun kafa zauren nan, kowa ya bi wanda ya natsu da shi.

Faruk, Jidda:
Abin da Abdulhadi ya faɗa na 2008 shi ya sa nake cewa faifan roba ya fi CD da intanet. A roba ba a iya wannan ta'asar.

Injiniya Bashir, Makka:
A'a Faruk, kada mu ɗora wa Nura wannan. A awo CD ya fi. Tazarar da ke tsakanin shiru da ƙara a CD desibel 96 ce, faifan roba mai kyau 60 zuwa 70. Allura na tafiya santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifai, kafin ta kai ciki ta koma wajen 20, shi ya sa waƙar ƙarshe a kowace fuska take shaƙewa, harafin "s" ya riƙa tsartuwa. Fuskar da ta haura minti 22 dole a rage mata ƙarfi da bes. Abin da kake ji ya fi daɗi shi ne sau da yawa wanda ya shirya sautin don roba bai matse shi kamar na CD ba. Hannun mai shiryawa ne, ba robar ba. In daga matsattsen aka yanka faifan, ta'asar na nan.

Kuma tseren cika wa faifai ƙara ya rage amfani, tunda Spotify da YouTube suna daidaita waƙoƙi a wajen awo ɗaya, 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarar sauti da ake kira LUFS. Wanda aka cika sai a rage shi, ya fito a daskare kusa da faifan 1970 mai numfashi. In za ka gwada bugu biyu na faifai ɗaya, daidaita ƙarfinsu tukuna, don kunne kullum mai ƙara yake zaɓa.

Faruk, Jidda:
Awo naku ne Injiniya. Ni dai Fun House a roba ba shi da na biyu.

Hajiya Rabi, Makka:
Ku yi ta musu, amma ku rage murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauti mai desibel 80 iyakarsa awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 89 saura awa 5. Masu metal a mota kan hanyar Makka da Jidda, ƙarar titi ke sa ku ƙarawa ba ku sani ba. In kunne na ƙara bayan an kashe, an wuce gona da iri.

Nura, Jidda:
Allah ya saka da alheri, iyaye da yayye. Ƙirga ta ba da 120, fuli za a nema. Saura allurar, tana tsalle a wasu wurare. Wani ya ce a ɗora mata kwabo a kai. Akwai kuma kaset na Sudan a cikin kayan, sautinsu a rufe.

Kawu Isa, Jidda:
Kwabo kuma? Kul. Haƙa layin zai yi. Fara da teburin, ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar iska a kan farantin ka ga ya daidaita ta kowane gefe, kuma kada lasifika ta zauna a teburi ɗaya da garmaho. Sannan mayar da ɗan maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki zuwa sifili. Murɗa nauyin da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska, bai sama bai ƙasa. Riƙe nauyin, juya zoben lambobin kaɗai zuwa sifili, sannan murɗa duka zuwa abin da kamfanin allurar ya ce. Misali, allurar AT-VM95E giram 2 ne, Ortofon 2M Red giram 1.8. Maɓallin zamewar ka sa shi a lamba ɗaya da nauyin. Ƙaramin sikelin masu zinariya ya fi zoben gaskiya. Mutane na tsoron nauyi, alhali rashinsa ya fi ɓarna, don allura marar nauyi karo take da bangon layi. In ba ka san shekarun allurar ba, canza ta. Mai arha ba ta wuce awa 300 zuwa 500.

Wanki: ruwan batir, wato tataccen da ake ƙarawa, ba mai asid ba, kashi huɗu, sifirit na isofurofil kashi ɗaya. Ruwan famfo yana barin gishiri a layi. Shafa da tsumma marar gashi kana bin zagayen, kada takardar tsakiya ta jiƙe, ka jingine ya bushe sarai. Allura da ɗan buroshi, daga baya zuwa gaba kawai. Ajiya a tsaye, ba a kwance a jibge ba, a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki. Laimar Jidda fumfuna take sa wa kwali, ta bi ta shiga layi. In ka sayo faifai a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, duba shi a rana ka karkata, ka ɗora a tafin hannu ka ga ko ya lanƙwashe, kuma kada ka bar shi a mota ka shiga sallah. Roba na fara laushi a wajen digiri 60, motar da aka rufe da azahar tana kaiwa nan.

Usman Mai Wurno, Jidda:
Kaset ɗin kada ka sa su a rikodar da ba ka gwada da wani marar amfani ba, don da yawan waƙoƙin Sudan a kaset kaɗai suka rage, kuma tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ba a san abin da ya tsira a ma'ajiyar Omdurman ba. Goge kan rikodar da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit, tayar robar kuma da ɗan ruwa. Duba ɗan soson da ke bayan zaren a bakin kaset, in ya faɗi sauti zai rufe, ana liƙa wani daga kaset ɗin da ya mutu. Tura zaren gaba har ƙarshe ka dawo da shi kafin ka kunna. In ka ga farin fumfuna ta tagar, ware shi daban.

In duk an yi sautin bai buɗe ba, kan rikodarka ne bai yi daidai da na wadda ta ɗauka ba. Akwai ɗan sukuru mai sifirin a gefen kan. Sa alama inda yake, mayar da sautin na lasifika ɗaya, kunna, ka juya a hankali, bai wuce rubu'in juyi kowane gefe ba, har tagulla da tafi su fito fes. Kaset ɗin kasuwa kowanne da nasa saitin. Kashe Dolby, maɓallin rage shuuu, in ba a rubuta shi a jikin kaset ba. Sannan ka kwafe zuwa kwamfuta a WAV ko FLAC, tsarin ajiyar da ba ya rage ingancin sauti, tun a kunnawar farko, ka bar ƙarfin yana tsayawa wajen desibel 6 ƙasa da ja.